Tankar T-55 a cikin kwali: amsa ga mai son fara haɗa ƙananan motocin sulke a Katsina

Wani matashi daga Ƙofar Marusa ya aiko mini da tambaya. Yayansa da ke karatu a waje ya yi masa tsarabar kwalin tankar yaƙi T-55 ta roba, ƙirar kamfanin Tamiya, mai ma'aunin 1/35. Wata uku ke nan kwalin yana ƙarƙashin gado. Ya buɗe ya ga gutsattsarin roba sun haura ɗari, ga shi bai san inda ake sayar da gam ko fentin wannan aiki a Katsina ba, sai tsoron ɓatawa ya kama shi. Yana son sanin da me zai fara, me zai iya samu a gida, kuma yaya masu yi suke sa abin ya fito kamar tankar gaske.

Ƙanena, na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, domin mu masu wannan sha'awa a garin nan ba mu da yawa. Shekara goma sha huɗu ke nan ina yi, kuma tsoron da ya hana ka taɓa kwalin na san shi sarai. Ka kwantar da hankalinka game da haɗawar. Tamiya sun ɗauke maka rabin wahala, kayansu suna shiga juna ba gardama. Inda ake gane gwani shi ne wajen fenti da abin da ke biyo bayansa, wannan kuwa ido yake nema fiye da kuɗi.

Fara da lambar nan ta 1/35, don duk abin da zan faɗa maka a kanta ya rataya. Kowane abu a jikin tankar gaske an raba shi gida 35 an ɗauki ɗaya. T-55 tsawonta mita 9 ne idan an haɗa da bututun igwa, faɗinta kuma ya ɗara mita 3. Taka za ta fito wajen santimita 26 a tsawo, 9 da ɗoriya a faɗi. Sojan da tsayinsa mita 1.75 ne, santimita 5 zai koma. Tamiya ne suka yaɗa wannan ma'auni tun farkon shekarun 1960, lokacin da suka yi tankar Panther ta Jamus mai tafiya da batir, suka zaɓi girman da batiran za su shiga cikinta. Yanzu sai ka juya lissafin, a nan darasin yake. Ƙwayar yashi mai faɗin milimita 1 idan ta zauna a jikin tankarka, dutse ce mai santimita 3 da rabi. Fentin da ya yi kaurin rabin milimita daidai yake da a shafe tankar gaske da abin da ya kusa santimita 2, kamar an yi mata filasta. Ɗigon gam ɗaya da ya bushe a fili, kwano guda ne aka kifar. Duk kuskuren mafari daga nan yake fitowa: abin da hannu yake ganin ƙanƙane ne, a ma'aunin tankar ƙato ne.

Kafin ka yanki ko gutsure ɗaya, ka san abin da kake ginawa. Tarayyar Sobiyet ta fara ƙera T-55 a 1958, nauyinta wajen tan 36, igwarta mai bakin milimita 100, mutum huɗu ke aiki a ciki. Ita da yayarta T-54 babu tankar da aka ƙera da yawa kamarsu a duniya, kuma Sojan Najeriya ma sun mallake ta. Nemi hotunanta a intanet ka zuba musu ido kwana biyu. Za ka ga tayoyi biyar a kowane gefe, da tazara mai faɗi tsakanin ta farko da ta biyu. Da wannan giɓin ake bambanta ta da T-62, tankar Sobiyet da ta biyo bayanta, tun daga nesa. Kanta mai juyawa zubin ƙarfe ne, zagayayye kamar an kife tukunya, fatarsa da ɗan kaushi-kaushi. Tankunan mai suna shimfiɗe a waje ta gefen dama, salansa tana hagu, a baya kuma akwai wurin ɗaura duro biyu na mai da gungumen icce da ake sawa ƙarƙashin sarƙar da tankar ke tafiya a kai idan ta kafe a laka. Sanin waɗannan shi zai gaya maka daga baya inda baƙin hayaƙi zai zauna da inda mai zai ɗiga.

Kayan aiki ba su da yawa, kuma kusan duka za ka haɗa su a Babbar Kasuwa a zagaye ɗaya. Ƙaramar filaya mai yankan waya irin ta masu gyaran waya da rediyo, da ita za ka riƙa cire kaya daga firam, wato ragar robar da gutsattsarin ke zuwa manne a jikinta. Kada ka kuskura ka murɗe da hannu, zai yage ya bar rami. Yanka da ɗan nisa daga jikin abin, sannan ka share ragowar da wuƙa. Wuƙar kuwa, ta tiyata da ake samu a shagunan kayan asibiti ta fi, mai lamba 11. In babu, sabuwar reza da ka naɗe gefe ɗaya da salatif ta wadatar. Samfefa mai lamba 400 da 600 da 1000 daga wajen masu sayar da fentin mota. Yanka ta ƙanana ka manna a sandar askirim. Sai matsefata, tsinken sakace, audugar goge kunne, burushi uku (faffaɗa, matsakaici, da mai tsinin gaske), da faranti mai zurfi da za ka riƙa zuba ƙananan kaya. Farantin nan kada ka raina shi. Ƙugiyar da ba ta kai ƙwayar gero ba idan ta faɗa tabarma, sai dai haƙuri.

Gam ne kaɗai abin da zan ce ka daure ka sa a kawo maka. Robar kwalin nan sunanta folistirin, kuma gam ɗinta ba liƙa abu yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake su zama ɗaya, kamar walda. Wanda aka fi amfani da shi shi ne Tamiya Extra Thin Cement, mai koren murfi, ruwa ne tsararo da ɗan burushi a cikin murfin. Yadda ake yi: ka haɗa gutsuren biyu a bushe, ka riƙe, ka taɓa bakin burushin a tsagar da ke tsakaninsu. Za ka ga ruwan ya ruga da kansa ya bi layin har ƙarshe, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Ƙidaya ashirin, ka saki. Yatsanka dai ya yi nesa da layin, don in ruwan ya shiga ƙarƙashinsa zanen yatsanka zai zauna a jikin tankar har abada. Kwalba ɗaya za ta yi maka tankoki da dama idan kana rufewa da kyau, don a zafin nan namu tana tsiyayewa cikin iska. Idan ba hali, sufa gulu yana yi, amma ba ya jiran gyara, kuma tururinsa yana barin farin dabbare. Ɗiga shi a murfin kwalba ka riƙa ɗiba da tsinken sakace, kada ka matsa kai tsaye.

Da farko ka wanke firam ɗin duka da ruwa da sabulun wanke-wanke, ka bari su bushe a inuwa. Sannan ka bi takardar bayani daki-daki. Zanen ya ishe ka ko ba ka karanta rubutun ba. Kada ka cire abu sai lambarsa ta zo, kuma kowane gutsure ka gwada shi a bushe kafin gam. A jikin kowanne za ka ga siririn layi inda ɓari biyu na mazubin suka haɗu. Kankare shi da bayan wuƙa. Aiki ne mai cin rai, musamman a tayoyi, amma fenti ba ya ɓoye wannan layi, fito da shi yake yi. Wurin da ya fi tona asirin mafari shi ne bututun igwa, don ɓari biyu yake zuwa. Sa masa gam isasshe, matse har narkakkiyar roba ta ɗan tsattsafo ta layin, ka ajiye shi kwana guda cur. Kashegari ka naɗe samfefa a jikinsa ka riƙa juya bututun a ciki. In ka goga ta gefe ɗaya zai baje, igwa kuwa ba ta da gefe. Kada ka haɗe komai wuri ɗaya: gangar jiki daban, kai daban, tayoyi da sarƙa daban, sai bayan fenti.

Sarƙar da ke cikin kwalinka ta roba ce mai lanƙwasuwa, kuma tana da halin tsayawa a miƙe kamar tsirkiya. T-55 ba ta da ƙananan tayoyin da ke tallafe sarƙa ta sama. Sarƙar kwanciya take a kan manyan tayoyin, ta ɗan yi lanƙwasa daga tayar haƙora ta baya zuwa ta kusa da ita. Sarƙar gaske nauyi gare ta, dole a ga nauyin. Idan lokacin sa ta ya yi, ɗiga sufa gulu a saman tayoyin tsakiya, ka danna sarƙar, ka cusa dunƙulen takarda tsakaninta da ƙarfen da ke rufe ta har gam ɗin ya kama. Wannan ɗan aikin kaɗai yana raba abin wasan yara da tanka.

Yanzu mun zo fenti, kuma bari in ba ka labarin asarar da na yi don kada ka maimaita. Tankata ta farko, bayan mako uku ina haɗawa, na sayo fenti da tinar mota, na dama, na shafa da burushi. Kafin in kai ƙarshen gangar jikin na ga fuskar robar ta yamutse, ƙananan notocin da ke kanta sun narke sun shafe, burushin yana jan zare. Na zauna ina kallonta har aka kira magariba. Tinar mota tana cin folistirin, haka ma fetur. Duk wani ruwa ko fenti da ba ka sani ba, gwada shi tukuna a guntun firam, ka bar shi ya kwana. Firam ɗin nan kada ka zubar da ko ɗaya, shi ne filin gwajinka.

Fenti ba ya kama roba tsirara da kyau, sai an yi masa shimfiɗa. Fentin shimfiɗa ruwan toka na gwangwani mai fesawa, wanda masu fentin mota ke fara sawa, yana yi, amma shi ma yana da zafi, don haka da dabara. Girgiza gwangwanin minti biyu, tsaya a tsakar gida, nisan kamar santimita 30, ka fara fesawa a iska kafin ka ratsa ta kan tankar ka wuce. Raɓa kawai kake so ta sauka. Jira minti goma, ka sake. Sau uku haka ya fi sau ɗaya mai jiƙewa. Idan ya bushe za ka ga duk wani layi da rami da ka tsallake sun fito fili. Gyara su yanzu.

Fentin da na fi ba mafari shawara shi ne akirilik, wanda ake sirkawa da ruwa. Na Vallejo, daga Sifen, shi ya fi daɗin burushi. Na Tamiya masu lambar XF, waɗanda takardar bayaninka ke ambata, sun fi dacewa da bindigar feshi, da burushi suna saurin bushewa su riƙa ɗaye na ƙasa. Idan duka babu, akirilik na masu zane da ke zuwa a ɗan bututu kamar man goge baki, wanda ake samu a wasu shagunan littattafai, ya isa ka yi aikin da za a tsaya a kalla. Kore, rawaya, baƙi, fari da ruwan ƙasa sun ishe ka haɗa kowane launi. Sirrin ɗaya ne: sirka shi ya yi ruwa kamar madarar shanu sabuwar tatsa, ba kamar kindirmo ba. Shafawar farko za ta fito dabbare-dabbare, ranka zai ɓaci, zuciya za ta ce ka ƙara kauri. Kada ka biye mata. Bari ya bushe, ka sake ta biyu a gicciye, sannan ta uku. A ta uku ko ta huɗu launin zai zauna sumul, notoci da layukan walda duk suna nan da kaifinsu. Kuma ka sa koren ya fi na hoto haske kaɗan, don duk abin da za a yi daga baya duhu yake ƙarawa. A saman kai da saman injin, inda rana ke duka, ƙara ɗigon rawaya a cikin koren. Dubi rufin kowace tsohuwar mota a tashar Ƙofar Ƙaura ka kwatanta da ƙofarta, za ka ga abin da nake nufi.

Yanayinmu sai ka iya zama da shi. Waɗanda kake kallo a bidiyo a ƙasashen sanyi suke, abin da ke yi musu ba lallai ya yi maka ba. Da bazara fenti yana bushewa a bakin burushi kafin ya kai jikin tanka. Maganinsa, ka yi aiki bayan sallar asuba zuwa hantsi, kuma ka yi wa fentin jiƙaƙƙen faranti: shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a murfin roba, ɗora takardar da ake gasa kek a kai, ka dama fentin a kanta. Zai yi awanni bai bushe ba. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Yayyafa ruwa a ɗakin kafin ka fara, kashe fanka, kana gama shafawa ka kife robar wanki a kan aikin. Da damina kuma, ranar da iska ta yi nauyi da laima kada ka fesa banish, yana iya yin fari kamar an barbaɗa gari. Rana ma ba ta ƙyale robar kanta. Na taɓa ɗora wata a gaban mota zan kai wa abokina a Daura ya gani, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, muna isa na tarar bututun igwar ya sunkuya. Kada ka shanya a rana don ya yi saurin bushewa, kada ka ajiye kusa da kwanon rufi.

Lambobi da tambarin da ke zuwa a takarda, a ruwa ake tsoma su daƙiƙa goma sai su zame. Suna son wuri mai santsi. A kan fenti mai kaushi iska tana maƙalewa a ƙarƙashi sai gefensu ya riƙa ƙyalli kamar azurfa. Shafa banish mai ƙyalli tukuna, ɗora lambar, danne da audugar kunne daga tsakiya zuwa gefe, ka sake rufewa da banish.

A wannan gaɓa tankarka za ta yi kyau, amma kyan abin wasa, launi ɗaya fal babu zurfi. Dalili kuwa, tsagogin da ke jikinta sun yi ƙanƙanta da yawa ba sa iya yin inuwa da kansu, sai kai ka sa musu. Samo fentin mai na masu zane, ruwan ƙasa mai duhu, ka sirka kashi ɗaya da kamar kashi goma na farin tina mai laushi irin na fentin mai, ya zama kamar baƙin shayi. Da burushi mai tsini ka taɓa gindin kowane noti, kewayen kowane murfi, kowane layin walda. Ruwan zai zagaye da kansa. Bayan minti goma sha biyar ka share abin da ya yi yawa da burushi mai ɗan danshin tina. Hikimar ita ce fentin ƙasa na ruwa ne, na sama na mai, don haka wannan ba ya tayar da wancan. Sai dai kada ka bari tinar ta taru a mahaɗar kaya, tana sa roba ta yi gautsi. Ranar da ka fara yin wannan za ka ga tankar ta buɗe ido.

Ɓarewar fenti da tsatsa su ne inda mafari ke zarcewa. Ana ganin hotunan gwanaye sai a mai da tanka kamar wadda ta shekara talatin a bola. Tankar da ke aiki tana da masu kula da ita. Fenti yana ɓarewa ne inda takalmi ke takawa da inda hannu ke kamawa: bakin murfin shiga, gefen akwatunan kaya, kaifin gaba. Yago ɗan soso, riƙe da matsefata, tsoma a fenti ruwan ƙasa mai duhu, goge a takarda har ya kusa ƙarewa, sannan ka ɗan taɓa waɗannan wurare. Ka tuna lissafinmu, ɗigo mai milimita 1 ɓarewa ce mai faɗin santimita 3 da rabi. Fensir mai laushi, 2B, idan ka goga a kaifin murfi da haƙoran sarƙa yana ba da ƙyallin ƙarfen da ya sha gugar aiki. Tsatsa wurinta salansa da wayar jan kaya. Kuma ka san ƙarfen abin da kake yi: wata rana in ka haɗa Scorpion ta Ingila, wadda sojanmu ma suke da ita, jikinta alminiyam ne, ba ya jan tsatsa. Na sha ganin aiki mai kyau da wannan kuskuren ya rage wa daraja.

Ƙura kuwa, a nan ne kai da ni muka fi mutanen waje gata. Su kwalaben garin launi suke saye da tsada masu sunan ƙasar Afirka, mu kuwa a kanta muke tafiya. Amma kafin ka ɗebo, je ka inda ake aikin hanya, ka yi sallama ka nemi izini, ka tsaya kusa da katafila. Gani ya kori ji. Ni na taɓa shafe yamma guda a gefen wata ina kallo. Ƙura ba ta zama ko'ina daidai. Ta fi yawa a ƙasa, tana raguwa tana hawa sama. Tana taruwa a lungu da bayan kowane abin da ya tare iska. Inda direba ke dafawa ya hau, babu ita, fentin har sheƙi yake. Inda man dizal ya zuba ta sha shi ta yi baƙin dabbare mai gefe a fili. Cikin sarƙa, inda tayoyi ke bi, ƙarfen fes yake, amma ramukan waje cike suke da busasshiyar ƙasa mai haske, ta ciki-ciki kuma ta fi duhu. In an yi yayyafi sai ka ga sawun ɗigo ya ja ƙurar ƙasa layi-layi.

To ɗebo jar ƙasa irin ta burji, da farar ƙasa mai yashi irin ta wajen Daura, kowace daban. Shanya su bushe ƙarau, daka su lukwi, ka tankaɗe da tsohuwar safa ko ɗankwali mai shara-shara sau biyu. Abin da ya wuce ya zama kamar hoda, in ka murza a yatsa ba ka jin tsakuwa, shi kake so. Haɗa biyun yana ba ka launi uku ko huɗu. Da busasshen burushi ka ɗiba ka zuba a lungunan tayoyi da ƙasan gangar jiki, sannan ka ɗiga ruwan da ka sa wa ɗan Top Bond kaɗan a gefensa ya tsotsa da kansa, kada ka goga. Don laka, dama garin da Top Bond ya yi kauri, ɗiba a tsohon burushin goge baki, ka ja yatsa a kai ya fantsama a bayan tankar da ƙasan gabanta. Garin gawayi kaɗan a bakin salansa. Banish marar ƙyalli kuwa kafin ƙurar ake sa shi, don in ya hau kanta yana kashe mata haske. Yi kaɗan, ka ajiye, ka dawo gobe da sabon ido. Ƙarawa tana da sauƙi, ragewa ce wahala.

Burina gare ka shi ne idan hannunka ya faɗa ka juyo ga namu. Duniya ta cika da masu haɗa tankokin Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu, amma da wuya ka ga wanda ya yi motar sulke ta Najeriya. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 an yi amfani da Ferret da Saladin na Ingila da Panhard AML ta Faransa, kuma gidan tarihin yaƙi da ke Umuahia yana ajiye da motocin sulke na wancan zamani, har da waɗanda ɓangaren Biyafara suka ƙera. Daga baya aka sayo tankar Vickers Mk 3, aka samu T-72 lokacin yaƙi da Boko Haram, sai VT-4 ta Sin da ta iso a 2020. Kamfanin Takom yana da AML-90 a 1/35, AFV Club yana da Scorpion, T-72 kuwa kamfanoni da yawa suna yin ta. Launi da lambobi sai ka duba hotunan da jaridu da rundunar soja da kanta suka wallafa. A nan zan ja kunnenka da babbar murya: kada sha'awa ta sa ka ɗaga waya ka ɗauki hoton motar soja a hanya, ko a shingen bincike, ko kusa da bariki. Ka san halin tsaron da jiharmu ke ciki. Abin da aka riga aka buga ya ishe ka.

Wasu kwalaye suna zuwa da mutum-mutumin soja. Ni ba na haɗa su, ina rufe murafun tankar in bar ta haka, kuma ba ta rasa komai ba. Idan abin ya dame ka, ka tambayi malaminka ka bi abin da zuciyarka ta natsu da shi.

Kuɗin kwali da na aikowa ba wasa ba ne, na sani, wani lokaci kuɗin kawowar ya kan kamo na kayan. Amma duk wanda ya tashi a garin nan ya ga motar kara da motar langa-langa, wannan aikin ƙanensu ne da ya yi karatu. Duba ƙasan kofunan yogot da farantan roba na biki, wanda ka ga lamba 6 a cikin alamar kusurwa uku folistirin ne, gam ɗinka zai kama shi. Wayar tagulla ta tsohon kebur tana zama hannun murfi da bututun mai, gwangwanin lemo yana zama ƙarfen da ya lotse. Fara da ƙara wa T-55 ɗinka bututun da ke haɗa tankunan man gefen dama da waya. Wata rana sai ka samu zanen mota mai jiki kusurwa-kusurwa, ka raba kowane awo gida 35, ka yanka da kanka.

Gam da fentin feshi a tsakar gida ko bakin taga, nesa da risho da murhu. Wuƙa da ƙananan kaya kuma a akwati mai murfi inda ƙannenka ba za su kai ba, don yaro yana iya haɗiyewa. Idan ka gama, samo mata akwatin gilashi ko na roba mai haske, in ba haka ba hunturu ɗaya zai yi mata nasa fentin.

Yau da daddare ka jawo kwalin daga ƙarƙashin gado, ka wanke firam ɗin. Gobe bayan asuba ka cire tayoyi kawai, ɓari ashirin ne za su ba ka taya goma. Kankare layin kowanne, ka haɗa su, kada ka manta ɗan zoben roba mai laushi da ke shiga tsakiya kafin ka rufe. Idan ka gama ka ɗauki hotonsu a inuwa ka turo mini, daga nan sai mu shiga gangar jiki.